Shekarar da Komite Ya Ci Dabinon Iya

Na san abin da ake gaya muku idan kun je Kwarin Mele gaisuwa. Ana cewa uwarku ce ta miƙe a gaban 'yan majami'a ta watsa wa danginta ƙasa a ido, har rairayi ya cinye itacen kakarku. Hadiza ta taɓa dawowa daga can tana cika tana batsewa, ta yi kwana biyu ba ta dube ni da kyau ba. Ban ce mata komai ba, don a lokacin ina ganin ba ɗiya ce za ta tuhumi uwarta ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara yi mini rowa, na ga gara in rubuta muku da hannuna. Mutanen kwari ba ƙarya suke yi ba. Rabin maganar suka riƙe, ɗaya rabin kuma yana wurina.

Sai na fara da Gidauniyar kanta, don ku kun tashi kun tarar da ita ne, ba ku taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Majami'ar Gure ba ta taɓa zama babba ba. Yawancinsu ma'aikata ne da gwamnati ke turo mana daga yamma, malaman lakwal, wato makaranta, ma'aikatan likita, 'yan gandun daji, da iyalansu. A shekarar babbar yunwar da ta share garken mahaifina, ina budurwa, 'yan'uwansu na wasu ƙasashe suka aiko musu da hatsi su raba. Faston wancan zamanin mutumin kirki ne, amma ya yi rabon yadda zuciyarsa ta ba shi. Wanda ya zo ƙofa ya yi kuka ya samu, wanda kunya ta hana shi fitowa ya kwana da yunwa. Ba a daɗe ba gari ya ɗauka wai ana sayen addinin mutane da tiyar gero, wasu kuma suka ce sai wanda ya je da kaza ake dubawa. Maganar ta yi wa dattawan majami'ar ciwo ƙwarai. Suka zauna, suka cire rabon daga hannun Fasto, suka tara abin da ya rage da abin da ake ci gaba da aikowa duk shekara wuri ɗaya, suka kira shi Gidauniya. Suka ce daga ranar ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya, ko ta masu lambu, ko ta mata, ko ta masu neman rijiya, kuma ba a tambayar kowa inda yake fuskanta in zai yi addu'a. Suka kafa komite na mutum bakwai, huɗu daga majami'a, uku daga Musulmin gari. Fasto yana zama a gaba yana ba kowa magana, amma ba shi da ƙuri'a.

Wanda ya rubuta dokokin shi ne Baba Yohana, tsohon ma'aikacin gandun daji, siriri, mai kunne ɗaya da ba ya ji sai abin da ya ga dama. A zamanina shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ta. Dokokin suna cikin wani kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, mai shuɗin bango, wanda yake ɗaurewa da tsumma kamar laya. Sau ɗaya ake zama a shekara, bayan an sa hatsi a rumbu, kuma a ranar ake rabe kason shekarar kaf, ba a ajiye komai a gefe don kada wani ya zagayo ta bayan gida. Ana ajiye ƙwarya biyu a rufe da faifai, ɗaya ta i, ɗaya ta a'a, a ba kowa ƙwallon dabino ɗaya ya sa hannu ƙarƙashi ya saki inda ya so. In ƙwallaye ba su kai huɗu ba, babu hukunci. In dosiyen, wato takardar roƙon, na danginka ne, ka fita waje. Sai babbar dokar, wadda kazar nan ta haifa: duk wanda ya ci wani abu daga hannun mai roƙo bayan an karɓi dosiyensa, ko da goro ɗaya ne, ba ya taɓa ƙwallo a kan wannan dosiyen. Shi ya sa kafin a buɗe kowane dosiye Baba Yohana ke bin mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya, kowa ya amsa a gaban Allahn da yake bauta wa.

Ni ina koyarwa a lakwal lokacin da kujerar wata Hajiya ta faɗi, Baba Yohana ya zo ya yi sallama da babanku ya nemi a ba su ni. Babanku Malam Isufu, kun san shi, bai ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba.

"Ku ɗauke ta," in ji shi. "Amma ku sani ba ta da sauƙi. Ni shekara goma sha biyar ina kai mata dosiye, ko ɗaya bai taɓa wucewa ba."

Duk da haka sai da ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce taimakon mabuƙaci ba shi da ƙabila, in dai ba za a sa ni abin da ya saɓa ba. Ba a taɓa sa ni ba. In za su buɗe zama da addu'arsu mu ukun muna zaune shiru, in la'asar ta yi su ne ke dakatar da magana, matar Fasto ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo buta. Wannan ina so ku riƙe shi.

Shekarata ta biyu a komite ita ce shekarar da nake ba ku labari. Kwarin Mele, a kan hanyar Bune, can aka haifi Iya, mahaifiyata. Rami ne mai ruwa kusa a tsakiyar tuddan rairayi, da dabino, da goruba, da lambunan rogo da albasa, da rijiya ɗaya da kowa ke sha. Tudun da ke gabas da shi ya daɗe yana tahowa, amma tun da aka sare itatuwan kansa sai ya ƙara sauri. Ya ci goruba, ya ci lambu uku, ya tsaya yana leƙen rijiya. Itacen dabinon farko da ke gabansa na Iya ne, gadonta daga mahaifinta, dogo mai 'ya'ya ja, wanda take kira da suna kamar mutum, wai Dogo. Maganin tudu kowa ya san shi: a sari kalimbo, ciyayin nan mai tsinke da ke fitowa a rairayi, a kafa darni layi-layi a kan tudun kafin iska ta tashi, in damina ta zo a dasa itatuwa a tsakani. Amma kalimbon kusa ya ƙare, sai an yi nisa da amalanke, kuma sai an ciyar da masu aiki wata da watanni. Wannan ne ƙungiyar masu lambun kwari ta roƙa. Shugabanta kuwa Kawu Bukar ne, ƙanen Iya, wanda ya goya ni a kan raƙumi tun ban san sunana ba. Baba Yohana da kansa ya je ya auna tudun ya dawo yana girgiza kai. Kowa a komite ya san dosiyen nan ba shi da abokin karawa a shekarar. Ko da ni ina waje, zai wuce.

Ana saura kwana tara a zauna aka tura mu Damagaram wani taron malamai. Iya tana zaune tare da mu a lokacin, a ɗakin da ke kusa da bishiyar darbejiya. Duk kaka Kawu yakan kawo mata buhun dabinon Dogo, ita kuma kafin rana ta faɗi ta rabe rabinsa a unguwa, ƙwarya-ƙwarya, gidan liman, gidan Fasto, gidan duk wanda ya taɓa yi mata sannu. Wannan haƙƙinta ne, ba ruwan komite da shi, kowa ya saba. Da na dawo bayan kwana huɗu sai na tarar da buhu biyu a jingine, duka sun yi ƙasa. Na tambayi na biyun.

"Naki ne," in ji Iya, tana murna. "Bukar ya ce kowane mai lambu ya zuba tiya ɗaya. Wai a gaida Madam, a gaida komite, Allah ya ba da sa'a ranar zama."

Na ce, "Iya, ina sauran?"

"Na haɗe su na raba mana. Da in bar shi ya yi ƙwari? Bana kowa ya samu da yawa. Gidan Baba Yohana ma ƙwarya biyu na aika, tun da shi ne mai kaye."

Na zauna a bakin turmi na ƙidaya gidajen da bakinta. Cikin mu bakwai, biyar sun ci, har da ni, don tun kafin in ajiye jakata na ɗebi uku na jefa a baki. Mutum biyu kawai suka tsira, ɗaya yana zaune a wata unguwa mai nisa, ɗaya kuma sun yi faɗa da Iya a kan akuya. Ni dama zan fita. Ke nan ƙwallo biyu za su rage, kuma biyu ba huɗu ba ne.

Ina so ku fahimci Kawu, don kada ku ɗauke shi mai ba da toshiya. A wurinsu ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Mutumin da ya zo roƙo bai riƙo komai ba, ko ya raina ka ne, ko ba shi da tarbiyya. Da rana tsaka ya shigo da buhunsa a kan jaki, yana gaida kowa a hanya yana faɗin inda za shi. Ba wanda ya taɓa karanta masa abin da ke cikin kayen Baba Yohana, kuma ni da ya kamata in gaya masa ban yi ba, don ina gudun kada a ce ina zancen dosiye da dangina. Iya kuwa ta yi abin da uwarta ta koya mata, ba a cin tsaraba a ɓoye.

Kwana biyar gidanmu bai zauna lafiya ba. Iya da ta gane inda maganar ta nufa sai ta ajiye carbinta.

"Ke 'yar lakwal, wa ya sani? Ni na sani, ke kin sani, mijinki ya sani. Su dabinon Iya suka ci, kamar bara, kamar bara waccan. Dabino yana da rubutu a goshi ne?"

Na ce za a tambaye ni a gaban Allah.

"To Allah bai san tudun yana kan rijiya ba? Ke kika dasa Dogo? Ubana ya dasa shi ranar da aka yi sunana. Ki rufe bakinki na yini ɗaya, ba a mutuwa."

Babanku ya yi ta taka kekensa kamar ba ya ji. Da na matsa masa ya faɗi nasa, sai ya tsayar da ƙafa ya ce shi tela ne, abin da ya sani shi ne in ka ɓoye ɓarakar riga a ciki, ranar salla take buɗewa. Sa'an nan ya ƙara da cewa amma fa Iya ma tana da gaskiya, kuma shi a gidan nan yake son ya ci gaba da cin tuwo. Wannan shi ne taimakon da na samu daga wurinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na tafi zaman da niyyar faɗa ba. Na tafi da niyyar yin shiru. Na gaya wa kaina cewa dosiyen ya cancanta, ba a zalunci kowa ba, dabinon bai sauya ra'ayin kowa ba tun da ba su ma san na wane ne ba. Har dabara na shirya: da an kira sunan kwarin zan miƙe in fita da sauri a matsayin dangi, kafin tambaya ta iso kaina. Muka zauna a ɗakin karatun yara na majami'a, a kan bencina gajeru, ƙwarya biyu a tsakiya. Aka wuce dosiye biyu. Aka kira Kwarin Mele. Na miƙe, na kai bakin ƙofa, ina neman takalmina. Sai na ji Baba Yohana ya fara da kansa, kamar yadda ya saba.

"Ni Yohana, a gaban Allah, ban ci komai daga hannun masu wannan roƙo ba."

Tsohon nan da ya yi shekaru yana ƙin ko ruwan sha a ƙauyen da ke da dosiye, yana tafiya da gorarsa a rataye har ana yi masa dariya, ga shi yana rantsuwa a kan ƙarya da dabinonmu a cikinsa, bai sani ba. Bayansa Alhaji Goni, ɗan kasuwa, ɗaya daga cikin mu Musulmi uku, ya gyara murya zai faɗi nasa. Shirun da na shirya ashe ba nawa ne ni kaɗai ba. Bakin mutum huɗu zan ara in yi ƙarya da shi. Na saki takalmin na dawo.

Na ce, "Baba, ka ci. Ƙwarya biyu ma."

Ya juyo da kunnensa mai ji. Na faɗi komai, tun daga jakin Kawu har zuwa akuyar da ta ceci mutum ɗaya. Sai Alhaji Goni ya ce, "La ilaha illallahu, ni har da fura na dama da shi." Wani ya fashe da dariya, dariyar kuma ta mutu nan take, don kowa ya ƙidaya ya ga abin da na gani.

An yi gardama har azahar ta wuce. Fasto Iliya, wanda yake sabo a lokacin, saurayi mai tausayi, ya ce an yi doka don mutum ne, ba a yi mutum don doka ba, kuma ba wanda ya ci da sani. Alhaji Goni ya ce a biya Kawu kuɗin dabinonsa ya zama ciniki. Ni da na sake fita bisa doka, ina tsaye a waje ina jin su ta taga, ina roƙon Allah ya sa ɗaya daga cikin dabarun nan ta karɓu. Baba Yohana ya bari duk suka gama, sa'an nan ya kwance tsumman kayensa.

"Fasto, ba ka nan lokacin kaza," in ji shi. "Mu mun san ba mu sani ba. Amma mutanen Gamu da muka mayar da dosiyensu bara fa? Gobe za su ji cewa kwari ya aiko da buhu, komite ya ci, kwari ya samu. Baɗi kowa zai zo da buhu biyu. Wanda ba shi da buhu kuma ba zai zo ba, kuma don shi aka kafa wannan abu."

Aka ajiye dosiyen Kwarin Mele sai baɗi, aka ba masu rijiyar wani ƙauye kason. Na koma gida ina kuka a hanya kamar yarinya, ban damu da wanda ya gan ni ba. Iya ta juya mini baya a kan tabarmarta. Kawu ya zo bayan kwana biyu, bai shiga gida ba, ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni.

"Falmata, an ce ke kika faɗa da bakinki."

Na ce ni ce, Kawu.

"Mun karrama ki, kin mai da mu ɓarayi a gaban baƙi. Madalla. Allah ya ba ki lada wurin masu kayen."

Ya juya. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. In na durƙusa sai ya dubi wanda ke bayana ya tambaye shi lafiyar shanu.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, na ji ƙarar tsohuwar matar majami'a, wato motarsu da babanku ya raɗa wa wannan suna saboda tarinta, ta tsaya a ƙofarmu. Baba Yohana na gaba da adda a cinya. A baya ga Fasto da matarsa, ga Alhaji Goni da babbar rigarsa a naɗe, ga sauran waɗanda suka ci.

"Shigo, Madam," in ji Baba Yohana. "Gidauniya ba ta ba kwari komai ba bana, kuma ba za ta ba shi ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu da muka ci dabino, hannuwanmu ba na komite ba ne."

Haka muka yi ta zuwa duk Asabar har zafi ya shigo. Man mato daga aljihunsu, abinci kowa da ƙullinsa. Ranar farko mutanen kwari suka tsaya daga nesa suna kallonmu, Kawu yana zaune a gindin Dogo ya ba mu baya. Asabar ta uku matan kwari suka fara ɗaukar kalimbo a ka, don sun ce ba za su iya kallon matar Fasto tana faɗuwa a rairayi da dami ba. Daga baya maza suka shigo. Kawu ma ya shigo, amma kullum a layin da ba ni. Na ga Alhaji Goni, mutumin da ko buhun shagonsa ba ya ɗagawa, tafin hannunsa ya fashe yana ɗaure shi da rawani. Na ga Baba Yohana yana rarrafe a kan tudu yana nuna inda iska ke bugowa. Har yau in na tuna sai idona ya cika, kuma ban san da bakin da zan gode musu ba.

Amma hannu goma sha ba amalanke ba ne. Baba Yohana ya ce ƙarfinmu ba zai kare wuri biyu ba, a zaɓa, ko rijiya ko gefen dabino. Kawu da kansa ya ce rijiya. Muka tsare rijiya da lambunan da ke bayanta. Gefen dabino kuwa tudu ya sauko masa. Itace bakwai ya ci a wannan rani, na farkonsu Dogo. Na ga rairayi ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu, har wata Asabar muka tarar ganyen kansa kawai ke waje. Da na gaya wa Iya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ashe zai riga ni." Wannan shi ne kuɗin da aka biya, kuma ba ni na biya shi ba, ita ce. Kada wani ya gaya muku cewa gaskiya kyauta ce.

A zaman baɗi, kafin a taɓa dosiye, Baba Yohana ya ce laifin na kayen ne, don dokar da ke ɗaure a tsumma ba doka ba ce, tarko ce. Aka ƙara abu uku. Duk ƙungiyar da ta kawo dosiye, za a je har garinta a karanta mata dokoki a gaban Bulama mai garin, da Hausa da Barbarci. Duk tsarabar da ta riga ta iso, ba a mayar wa mai ita don kada a ci fuskarsa, sai a kai wa marasa lafiya a likita da sunansa. Kuma aka zaɓi mutum uku masu jiran kujera, don in irin wannan ta sake faruwa a samu masu riƙe ƙwallo. Sa'an nan aka kira Kwarin Mele, na fita, na sa takalmina da kyau wannan karon. Ƙwallo shida aka samu a ƙwaryar i. Itatuwan da kuke gani yau a kan tudun nan, inda kuke zama kuna shan iska in kun je, daga nan suka fito.

Iya ta rasu shekara biyu bayan haka. Mun shirya kafin nan, a irin shirinta. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce taurin kaina na ubanta ne, shi ma ya taɓa mayar da raƙumin da aka ba shi bisa kuskure, suka yi shekara suna tafiya a ƙasa. Ban sani ba ko yabo ne ko zagi, ban kuma tambaya ba. Kawu ya zo zaman makoki, ya karɓi gaisuwar kowa, tawa ya amsa da ka. Baba Yohana ya bi ta ba da daɗewa ba, kuma Musulmin da suka raka shi sun fi 'yan majami'ar yawa.

Doka ta ce ba a wuce shekara shida a kujera, in ban da waɗanda suka kafa Gidauniya. Ranar da nawa suka cika na miƙa ƙwallona ga wadda ta gaje ni, na dawo gida. Washegari da safe ina shara sai na ji sallama a zaure, muryar da ta yi shekara biyar ba ta kira sunana ba. Kawu ne, ya tsufa, yana riƙe da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ya rungume ta a ƙirji.

"Falmata. An ce kin sauka."

Na durƙusa na ce na sauka jiya, Kawu.

"Tabbas? Babu wata takarda da ta rage? Ba ki cikin masu jiran nan?"

Na ce babu.

Sai ya buɗe faifan. Dabino ne ja, bai fi cikin tafi biyu ba. Na gane shi tun kafin ya yi magana. Ya ce ranar da aka zaɓi rijiya, bayan mun tafi salla, tsohon nan mai kunne ɗaya ya kira shi gindin Dogo, suka tone 'yar da ta tsiro a jikinsa, suka dasa ta bayan rijiya. Tsohon ya ce kada a gaya wa Iya sai ta kama, don kada a yi mata rashi biyu. Da ta kama kuma, in ji Kawu, fushi ya hana shi faɗa, yana cewa gobe, gobe, har Iya ta tafi. Nan ya yi ta goge ido da hannun riga. Bana ta yi 'ya'yan fari. Tun kaka yake ajiye da su, yana ƙirga kwanakina a komite.

Na ci ɗaya ina kuka. Babanku ya fito ya ci biyu ya ce ai shi ba ya cikin kowane komite tun da aka haife shi. Sai na tashi na ɗauko ƙananan kwanoni, na fara kasa dabinon uku-uku yadda Iya take yi, na ce wa Hadiza ta yafa gyale ta fara kai na gidan Fasto. Kawu ya yi wuf ya dafe kwanon da hannu biyu.

"Ke! Gidan Fasto? Ba ki da hankali? Ko ba shi da ƙwallo, ai shi ke zama a gaban komite. Matan kwari suna da dosiye bana."